Baƙon da Ya San Ƙofar Zaure

Ranar hadari ya haɗu tun hantsi, ya ƙi zuba. Ɗan'azumi na zaune gindin tsamiya yana tufka igiya, sai ga wani baƙo ya tsaya a filin tsohon zauren unguwa. Nan manoma ke yanke ranar gayya a da, kafin kantunan gyaɗa su cinye unguwar, zauren ya rushe.

Dogo ne, da tsohuwar kwat ta soja a kan riga, ƙeyarsa duk furfura. Ba ya tambayar kowa hanya. Daidai inda ƙofar take a da, ya tuɓe takalmi, ya sunkuyar da kai kamar mai gudun karo da azara, ya shiga ya zauna ta hagu, wurin zaman samari.

Ɗan'azumi ya ajiye igiyar. Yaran kanti ba su san gajartar ƙofar nan ba, sai ɗan unguwa. A zauren nan kuwa dattawa suka ba Ɗan'azumi riƙon gonar marigayi Shekara, har ran da ɗan marigayin zai dawo daga soja.

"Malam, daga ina?"

"Daga nesa, Baba. Cikin dattawan zauren nan wa ya rage?"

"Ni kaɗai."

"To, kai ma ka isa."

Bai faɗi sunansa ba, Ɗan'azumi ma bai tambaya ba, don ya gane ɗan Shekara ne. Yanzu baƙon na sauke gidan wani mahauci a bayan kasuwar Matamaye, geron da Ɗan'azumi ya shuka a gonar Shekara kuwa ya kai gwiwa.