Mutumin da Ke Waƙa da Numfashin Wani

A Cragwell, garin mahaƙa kwal da ke arewacin Ingila, da abu biyu aka san Jabez Firth: naushi da murya.

Tun yana yaro ya fara shiga rami. Bai kai ashirin ba ya karya wa ubansa muƙamuƙi a tsakar ɗaki, ranar da tsohon ya dawo a buge ya zare bel zai zane uwarsu kamar kullum. Daga nan hannunsa ya buɗe. Ranar Asabar da wuya a watse daga mashaya ba a kwashi wani ranga-ranga ba. Hancinsa ya karye har ya gaji ya kwanta gefe guda, rabin kunnensa na hagu kuwa a bakin wani mutumin garin gaba ya tafi.

Amma ranar Talata da yamma sai ya shiga bahon kwano a gaban murhu, matarsa Hetty ta cuɗa masa baya, ya sa farar riga, ya nufi ɗakin taron coci inda ƙungiyar mawaƙan gari ke gwaji. Layin baya yake tsayawa, cikin masu kaurin murya. In ya sauke murya ƙasa, a tafin ƙafa ake jin ta, katakon daɓe na rawa.

Littattafan waƙa ba su isar kowa, don haka mutum biyu ke haɗa ɗaya, wannan ya riƙe bangon dama, wancan na hagu. Abokin littafin Jabez shi ne Amos Thewlis, wani siririn mahaƙi mai tabarau. Jabez bai iya karanta rubutun kiɗa ba, a idonsa kashin ƙuda ne aka yayyafa kan igiyar shanya. Karin waƙa kam ji ɗaya yake yi ya kama. Abin da ya gagare shi shi ne sanin lokacin da zai shigo bayan an yi shiru. Amos ne ke ƙirgawa a zuci. In lokaci ya yi sai ya ja numfashi, kafaɗarsa ta gogi damtsen Jabez, shi kuma ya saki murya. Duk layin baya sun san haka, babu dai wanda ya isa ya faɗa.

"Kai ƙwaro, ja numfashi kamar namiji mana, yau da ƙyar na ji ka."

"Ɗage ƙafarka daga kan tawa tukuna, bijimin banza, sai in sami abin ja."

Haka suka shekara ashirin da wani abu.

Bayan babban yaƙi, wani dattijo mai tsara kiɗa daga kudu ya rubuta doguwar waƙa ta muryoyi da makaɗa, don samarin da suka tafi ba su dawo ba. Walter, ƙanen Jabez, yana cikinsu, ko kabari babu. A tsakiyar waƙar akwai wurin da komai ke tsayawa cak: goge, ƙaho, tambura, muryoyin mata. Shirun ya yi tsawo har mai sauraro ya zaci an gama. Sai masu kaurin murya su taso a hankali, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Jabez ya taɓa gaya wa Hetty cewa a nan kaɗai yake samun yi wa Walter magana. Da aka ce dattijon ya yarda zai zo da kansa ya riƙe sandar jagora, da makaɗa daga birni, Jabez ya ji duk duniya babu abin da yake so kamar ya tsaya a gabansa ya rera wannan wurin.

A shekarar aka shiga yajin aiki. Ya ja, ya ja, burodi da kitse ya koma burodi zalla. Wanda duk ya saci jiki ya koma rami, sai an tare shi. Jabez ne kan gaba. Shi ya murɗe hannun wani har ya ɓalle, ya wurga shi cikin ruwan kwata. Ana saura 'yan makonni kafin dattijon ya zo, Amos ya koma aiki. Matarsa Edie na tarin jini, yaransa sun fara kumburin ƙafa.

Cyril Ramsden, jagoran samarin yajin, ya sami Jabez a bayan mashaya.

"Baba Jabez, abokin littafinka ya ci amana. Mu za mu gaishe shi ko kai?"

Jabez ya dubi takalmansu masu ƙarfe a baki. Ya san aikinsu: su kayar da mutum, su bi haƙarƙari da fuska. Mai karyayyen haƙarƙari ba ya jan numfashi.

"Wanda ya taɓa shi zan ciyar da shi haƙoransa. Ku bar min shi."

Ya tare shi da yamma a bayan tudun tokar kwal, da ƙotar diga a hannu.

"Amos, ajiye kwanon nan. Cire tabarau, kar ya fashe."

"Jabez? Kai suka aiko?"

"Ni na roƙa. Wace ƙafa?"

"Wai tambayata ma kake yi? Allah ya tsine maka albarka!"

"Hagu ke nan."

Ya sauke masa ƙotar a ƙasan gwiwa. Bugun farko bai gama aiki ba, sai da ya ƙara, ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen reshe. Amos ya kurma ihu, ya yi amai a kan takalmin Jabez, yana yaƙushin toka da farce. Jabez ya saɓa shi a kafaɗa har ƙofar gidansa.

"Yi haƙuri, ƙwaro. Ƙirjinka lafiya lau, ban taɓa shi ba. Za ka yi waƙa."

Edie ta fito ta watsa masa ruwan zafi a wuya. Bai ko juya ba. Ya koma gida yana ganin ya yi wa abokinsa alheri. Hetty ta dangwarar masa da shayi.

Ranar taron, zauren gari ya cika maƙil, matan da yaƙi ya cinye wa maza da 'ya'ya suna layin gaba cikin baƙaƙen kaya. Sai ga Amos yana dogara sanduna biyu. Aka kawo masa kujera, ya ƙi. Ya tsaya a wurinsa, ya kama bangon littafin na hagu. Jabez ya ji wani sanyi a ransa.

Dattijon ya ɗaga sanda, aka fara. Duk inda Amos ya ja numfashi, Jabez na shiga daidai. Aka iso wurin. Tambura suka mutu, goge ya ɗauke. Zauren ya yi tsit.

Kafaɗar Amos ta gogi damtsensa.

Jabez ya saki duk abin da ke ƙirjinsa. Shi kaɗai. Muryar ta faɗa cikin shirun kamar sa ya yi kuka a maƙabarta. Sai da ya furta kalma biyu kafin ya lura sandar dattijon na ƙasa, bakin Amos kuma a rufe. Dattijon ya ɗago kai ya dube shi. Can sama wani ya tuntsire da dariya, wata mata a layin gaba ta rufe fuska. Da ainihin lokacin ya zo, sauran suka shigo a daburce, muryar Amos ce kawai ta fita tas. Jabez bai sake buɗe baki ba har aka tashi.

A kan matakalar dutse ta ƙofar zauren ya cim ma Amos.

"Da gangan ka yi?"

"Maƙogwaronka lafiya lau, bijimi. Ban taɓa shi ba."

Naushi ɗaya ya yi masa a baki. Amos ya gangara matakalar, sanduna na binsa, haƙoransa suka warwatsu tsakanin ƙafafun mutane. Jabez ya bi shi zai ƙara. Sai da 'yan sanda suka fasa masa kai da kulki kafin ya durƙusa. A kurkuku ya yi hunturun.

Muƙamuƙin Amos ya haɗe a karkace, bai ƙara waƙa ba. Jabez kuma da ya fito ya tarar ƙungiya ta cire shi. Ko da ba a cire shi ba, babu mai yarda ya haɗa littafi da shi.

Ya tsufa a gidan nan nasu, ƙurar kwal na cin huhunsa. 'Yarsu ta saya musu rediyo. Duk shekara, a makon tunawa da matattun yaƙi, akan sa waƙar. Jabez ya matso da kujera, ya bi ta ƙasa-ƙasa har wurin shirun, ya buɗe baki yana jira. Wata shekara muryoyin su riga shi, wata shekara shi ya riga su. Ko sau ɗaya bai dace ba. A karo na ƙarshe ya dunƙule hannu ya luma shi cikin fuskar akwatin. Hetty ta zare masa tsinken katako daga 'yan yatsu, ta ɗaure da tsumma. Ba a sake sayen wata ba, shi ma bai tambaya ba.