Rijiyar da Gulbi Ya Binne a Ƙasar Rimawa

Cikin duk shekarun da na yi a sashen rijiyoyi na En'e, ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni wani ƙauye kusa da Rimawa ba. Lokacin Turawa na nan, ban daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba, shi ya sa kowa ke ce mini Kofur.

Kafin yaƙi an gina wa ƙauyen rijiya ta siminti, ta kai ruwa. Aiki ya tsaya ba a yi mata baki ba, sai aka rufe ta da faifan ƙarfe. Wata damina gulbi ya yi ambaliya ya shafe wurin da laka da rairayi, har waɗanda suka yi ginin suka kasa nuna ta. Da bazarar da nake ba ku labari, ɗaya tsohuwar rijiyar da suke sha ta ƙafe. Mata na tafiya mai nisa da tuluna, Fulani sun fara ɗaure kaya.

Injiniyanmu, Bature ne, ya aro mana na'urar neman nakiya daga barikin soja, irin wadda na riƙe a yaƙi. Sanda ce mai faranti a ƙasa, da abin sawa a kunne. Idan farantin ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Tana da wani ɗan abin murɗawa da ke ƙara mata ji ko ya rage. Ya ce mini batir ɗin da ke ciki shi ke nan, babu wani.

Muna isa Maigari ya tarbe mu da jama'arsa. Na murɗa jin na'urar har ƙarshe yadda muka saba, ina aza faranti ta fasa kuka. Leburori suka haƙa, babu komai. Na matsa gaba, kuka. Duk inda na juya, kuka. Rana ta take, ramuka sun cika fili, mutane sun fara komawa inuwa.

Maigari ya matso. "Kofur, mi ag ga abin ga? Ko ya lalace?"

"Ranka shi daɗe, lahiya tai lau. Ji na yay yi mishi yawa."

Na tsuguna na ɗebi ƙasar ramin. Laka ce a sama, amma ƙarƙashinta jar marmara ce mai nauyi. Wani dattijon maƙeri da ke kallo ya ce, "Ɗana, nan kakanninmu sunka riƙa ɗibar tama."

Nan na gane. Ƙasar kanta ƙarfe gare ta, shi na'urar ke ji. In na rage jin da yawa kuma, zan wuce ta kan rijiyar ban sani ba. Ina bukatar abin gwaji.

Na ce, "Baba, ka ara min uwar maƙerarka."

Ya dube ni ya daɗe, don maƙeri ba ya ɗaga ta haka kawai. Sannan ya ce, "In dai don ruwa na, ku ɗauko ta."

Muka binne ta zurfin da muke zaton rijiyar take. Na ɗan ɗaga farantin daga ƙasa, ina rage ji a hankali, har marmara ta koma ɗan gunaguni, amma in na bi ta kan maƙerar sai kuka ya fito sarai. Na bar jin na'urar a haka. Na sa aka ja layuka da igiya, na shiga bi ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarfin batir na raguwa a kunnena.

Da la'asar, kusa da wata bagaruwa inda ba wanda ya taɓa zato, na'urar ta yi kuka mai faɗi. Na zagaya shi, ya ba ni da'ira. Na ce a haƙa. Da diga ta daki faifan, ƙarar ta isa har inuwa. Aka ɗaga shi, Maigari ya jefa tsakuwa, muka ji ta faɗa ruwa. Mata suka ɗau guɗa, maza na kabbara, wani Bafulatani ya ruga ya tsai da shanunsa da suka kama hanya. Maƙerin nan ya sha gugan farko.

Ku da kuke riƙe sababbin na'urori yanzu, ƙasar Wurno da ta Rabah da ta Goronyo ba ɗaya ba ce, kowace da muryarta. Kafin ku nemi abin da ke cikinta, ku saurare ta, kuma ku tambayi masu ita.