Bursa Ya Tafi Ya Bar Mini Ajiyar Mutane

Da daminar bana, shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, wanda ya daɗe yana riƙe da baitulmalin wata kwaleji a Gusau. Kowa Bursa yake ce masa, har Innarmu, wadda ta ɗauka sarauta aka ba shi.

Shi kuwa sunan bai taɓa kwanta masa ba. Wata rana muna cin gyaɗa a zaurensa na tambaye shi ma'anarsa. Ya ce, "Sani, wanga suna na aro ne. Asalinsa wata tsohuwar kalmar Turawa ce mai nufin jakar fata. Ni ba jaka ba ne. Ka ce mini Ma'aji, don daga ajiya ta fito, ajiya kuwa tana da mai ita."

Mutanen karkara sun fi mu gane haka. Daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu suke zuwa da takardun gonakinsu, a naɗe cikin leda, su ba shi saboda gudun gara da gobara. Yakan rubuta sunan kowa a jikin ambulan, ya jera a akwatin ƙarfe. Ajiya maganin wata rana, in ji shi.

Da ciwo ya tsananta, ni ya miƙa wa makulli. "Kowa ya zo, ka ba shi nasa hannu da hannu."

Da farko suna zuwa. Daga baya hanya ta lalace, 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, ƙafa ta ɗauke. Ambulan goma sha ɗaya suka rage. Bara na bi sawun guda, ta wata tsohuwa, Inna Tumba, har wani kango a bayan Tsafe inda masu gudun hijira suka raɓe. Jikarta na tarar. Ta juya takardar, ta mayar mini. "Baba, Inna ta rasu. Gonar ma ba mai iya zuwa. In ajiye ta ina? Ko ɗaki ba mu da shi." Na dawo da takardar gida.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai yi da yana raye. Mutum ne da bai san a ce masa ba hanya ba, amma anya wannan zamani zai bar shi? Ko kabarinsa da ke ƙauyenmu, shekara uku rabona da shi. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne yardar da talakawa suka yi masa, ita ce na gada, ta kuma fi ƙarfina. Gemuna ya yi fari, 'ya'yana ba su san ko ɗaya daga cikin masu sunayen nan ba. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ban ci amanarka ba, amma na kasa sauke ta.