Saje Dawuda da makullin cikin kwamfuta

Dawuda ya bar aikin soja a shekarar 2003, ya dawo gida Zuru da muƙamin saje, da ciwon gwiwa, da wata jaka cike da fayafayan kwamfuta. A sashen sadarwa ya yi aiki, can ya koyi rubuta manhaja. Mutum ne mai sanyin murya. Idan ya yi dariya, kafaɗunsa ne ke motsi kafin a ji sauti. Ya rasu a damunar 2009, kuma har yau masu sonsa ba su saba da rashinsa ba.

Arzika, wani ɗan kasuwa mai shagon buga takardu, shi ya ba shi kujera a shagonsa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon. Da hantsi Rachel, ma'aikaciyar shagon, ke buga wa mutane takardu a kanta, da sassafe kuwa ta Saje ce.

Abin da yake yi da kwamfutar ya bayyana shi a sauƙaƙe. A can cikin kwamfuta ayyuka da yawa ke gudana lokaci guda, kuma akwai wuraren da ɗaya kawai ke shiga. Wanda ya riƙe makulli ya shiga, saura su jira. Saje ya rubuta manhajar da ke ƙirƙiro ayyuka ɗari biyu, su yi ta kokawar makulli ɗaya, don a ga ko zai jure.

Sai kwamfutar ta fara sandarewa da rana tsaka, ana cikin aiki.

"Saje, wagga na'ura lafiya lau take kafin ka sa mata sojojinka," in ji Arzika. "Ta sake tsayawa, in goge komai, ka koma noman dawa."

"Ba ni mako guda, Alhaji."

"Ban je Makka ba, kada ka saye ni da suna. Mako guda."

Dawuda bai yi gardama ba. Ya san idan aka goge, ba shi da wata kwamfutar da zai taɓa a garin. Kwana biyar yana gwaji tun daga farko har ƙarshe, komai na tafiya daidai. A rana ta shida gwiwa ta hana shi barin shagon da wuri, yana zaune Rachel ta shigo. Ta gaishe shi, ta ja kujera, ta danna maɓalli ta katse gwajin.

"'Yata, kullum haka kike yi?"

"To Baba, in zauna ina kallon lambobi mutane na jira? Kullum kana fita nake kashe shi."

Kafaɗun Saje suka fara motsi. Shi bai taɓa katse gwajin ba, soja ne, abin da aka fara sai an kai ƙarshe. Don haka a ƙarshen kawai ya rubuta umarnin mayar da kayan da ayyukan suka ara. Idan aka tsayar a tsakiya, ayyukan nan na tafiya da wurin ajiyar da suka ara, wani ma da makullin a hannu, aikin Rachel ya zo ya yi ta jira.

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya bi kowace ƙofar fita ta manhajar ya gyara: a tsayar da ayyukan tukuna, a jira kowanne ya saki makulli, sannan a mayar da wurin ajiya, na ƙarshen ɗauka shi ne farkon mayarwa.

Washegari ya kira Arzika ya tsaya shaida. Ya ce wa Rachel ta katse gwajin duk lokacin da ta ga dama. Ta katse sau arba'in, har da mugunta, wani karon tun gwajin bai gama tashi ba. Bayan nan ta buga takardar gayyatar biki mai shafi uku, kwamfutar ko tari.

Arzika ya daɗe yana duban allon. Sannan ya zaro makullin shagon na biyu daga aljihu ya ajiye a gaban Dawuda.

"Ka riƙa buɗewa da kanka. Na gaji da sammako saboda kai."