Gwiwar Ma'azu

Ma'azu mutumin Kano ne, amma in ya saki Larabci sai ka rantse a Masar aka binne cibiyarsa. Sinanci kuma a kasuwa ya tsince shi. Tun 2003 yake birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana yi wa Larabawa tafinta a baje kolin Pazhou. Abu ɗaya ke cin ransa: komai iya bakinsa, in ya shiga ofis ɗan dako ake fara ɗaukarsa.

Sai ga wasu Larabawa sun zo ɗaukar fim ɗin soyayya mai barkwanci, labarin saurayin da ya zo sarin kaya ya faɗa son 'yar Sin. Darakta ya ce kowane launin fata yake so a gani a ciki, ya ba Ma'azu matsayin attajiri, abokin saurayin. Wayyo murna! Bawan Allah har da ɗinka sabuwar shadda. A ransa ya ce yau dai Larabawa za su ga Bahaushe a zaune kan kujera.

Ranar ɗauka, dattijon da ke fitowa a uban saurayi ya shigo, gemu fari tas. Ma'azu bai ma yi tunani ba, ya zube ƙasa ya gaishe shi, yadda aka tarbiyyantar da shi. Ashe kyamara a kunne take. Darakta ya tafa, ya ce a maimaita. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka ladabinsa ne ya burge su, ya sake durƙusawa har da sunkuyar da kai.

Da faifan ya iso, ya tara 'yan uwa a gidan abinci bayan an sauko Juma'a daga Masallacin Huaisheng. Aka yi ta jiran attajiri, shiru. Duk maganarsa an yanke. Durƙuson kaɗai aka bari, aka sa masa kiɗan ban dariya, aka ɗora muryar dattijon yana cewa, "Tashi, ba ni na sayo ka ba!"

Ba wanda ya iya kallon Ma'azu. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Fim ya karɓu. Daga nan duk Balaraben da ya gane shi a Pazhou sai ya yi dariya ya nuna masa ƙasa, wai ya yi irin ta fim. Ma'azu ya daina sa shadda, ya rage magana, baƙin ciki ya zauna masa a ƙirji.

Ana haka kawunsa Alhaji Tankari, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya zo sarin kaya daga Kano. Suka haɗu a ƙofar baje kolin, Larabawa cike da wajen. Gwiwar Ma'azu ta fara lanƙwashewa, sai ya ji idanu a kansa. Ya miƙe ƙyam, ya miƙa wa tsohon hannu.

Alhaji Tankari ya dubi hannun, bai karɓa ba. Ya ce a hankali, "Ma'azu, ni ne fa."