Kuɓewar Inna a Nansha

Duk Bahaushen da ya ga baƙar ƙasa, fadama yake gani. Ni ma haka na yi a Nansha, wata tashar jiragen ruwa a ƙasar Sin, inda nake lodin kwantena shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik.

Bayan gidan da nake haya akwai wani fili baƙi ƙirin, ruɓaɓɓen ganye ne tsagwaronsa, in ka taka ruwa ya tsattsafo da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ciyawar kacala ta fi ni tsawo, can bakin teku kuma wasu itatuwa ne da saiwoyinsu suka leƙo waje kamar yatsu. Na ce wannan ai taki ne Allah ya zube kyauta. A jakata akwai ƙullin irin kuɓewar Inna, wanda ta bar mini kafin ta rasu, kuma shi kaɗai ya rage a duniya.

Tsohuwar da ke da gidan ta gan ni ina shuka, ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu. Abokin aikina, wani Bamarade, ya ce, "Malam, lodi aka turo ka ko noma? Ƙasar da kaguwa ke haƙa rami a cikinta, ai ba ta kuɓewa ba ce."

Gaskiyarsa. Ƙasar ga gishiri ga tsami, ruwanta ba ya tsanewa. Rabin irin na shuka, duk ya ruɓe ko tsiro bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni ɗan manomi ne, ba a yi mini dariya sau biyu. Na tada kunya mai tsawo irin ta dankali, na haɗa da yashi da toka, na bar ruwan sama ya wanke gishirin, sannan na zuba sauran irin gaba ɗaya. Ko a mutu ko a yi rai.

Tsiro ɗaya ya tashi. Har ya fara 'ya'ya aka tsananta biza saboda wasannin, ni ma a ofishin biza aka ce mini "meyo", in tattara in tafi.

Ranar tafiya na tsinki busassun 'ya'yan na cusa a aljihu, na bar ɗaya a jikin uwar ya fashe a can. Ni dai sun kore ni. Kuɓewar Inna kuwa, su je su tambaye ta biza.