Matar da Ta Ɓanɓare Takardar Ƙarƙashin Kibod

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa kwalejinmu, jaka a kafaɗa, rigar sanyi a hannu, ko da ana zafin da ke narkar da kwalta. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake jibge karyayyun kujeru. Ba taga, sai sanyi da gurnanin manyan kwamfutocin da duk aikin makarantar ke kwance a cikinsu. Kafin ta buɗe filas ɗin shayi, sai ta zauna ta karanta rajistar da na'urorin ke rubutawa da kansu: wa ya shiga, daga ina, me ya taɓa. Shekara ashirin da shida tana wannan karatun kamar yadda wasu ke karanta jarida. Ƙananan ma'aikata Anti suke ce mata. Mu da muka ɗan manyanta muna ce mata Mai Makulli, kuma ni na raɗa mata sunan, cikin fushi ba don yabo ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba.

A da, ofishin jarrabawa asusu ɗaya gare shi a kwamfuta, sunansa Jarrabawa. Ba na kowa ba ne, na kujerar ne. Duk wanda aikin shigar da maki ya hau kansa, da shi yake shiga. Kalmar sirrin kuwa tana rubuce a 'yar takarda, an manne ta da salatif a ƙarƙashin kibod. In aka ɗauki sabon ma'aikaci, ranar farko a nuna masa teburinsa, a nuna masa banɗaki, sannan a ɗaga kibod a nuna masa takardar. Shekara tara ba a canja kalmar ba. Waɗanda suka yi ritaya sun san ta, waɗanda aka kora ma sun tafi da ita a ka. Mu kuwa muna kiran wannan sakacin yarda da juna.

Sai aka wayi gari ɗalibai goma sha ɗaya da suka faɗi sun ci. Aka kafa kwamiti, aka kira Mai Makulli.

Shugaban kwamitin ya ce, "Kwamfutar ta ce wa ya yi?"

Ta ce, "Ta ce Jarrabawa ne, ranka ya daɗe."

"Jarrabawa ai ba mutum ba ne."

"Nan matsalar take. Mutum goma sha bakwai na sani suna shiga da sunan nan, ban da waɗanda ban sani ba."

Da aka rasa wanda za a kama, sai ido ya koma kan Baba Akawu, dattijon da ke buga takardun ofis, don kawai kwamfutar a teburinsa take. Ba a same shi da komai ba, an dai ce ya je ya huta. Bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki, ya zuba kofinsa da tabaransa a leda ya fita, ba taro ba jawabi. Muna tsaye a baranda muna kallo, ba wanda ya tsaya masa, har da ni. Mai gadi ne ya ba ni labarin cewa Mai Makulli ce kaɗai ta bi shi har bakin get.

Ta ce, "Baba, ka yafe ni. Na kasa cewa ba kai ba ne."

Ya ce, "'Yata, ai ba ki ce ni ne ba. Ki dai gyara abin, kada a sake yi wa wani."

Sati biyu tana zarya ofishin shugaban makaranta har ya sa mata hannu a kan gyaran da take son yi. Ranar wata Litinin muka ɗaga kibod muka tarar da shatin salatif kawai. Ba ta goge asusun Jarrabawa ba, don duk fayilolin ofis a ƙarƙashinsa suke. Shiga kai tsaye ta toshe. Kowa sai ya shiga da sunansa da tasa kalmar sirrin, sannan ya nemi aron ikon ofis ya yi aikinsa, na'ura kuma ta rubuta sunansa da lokaci da kwamfutar da ya zauna a kai. Ƙarin aikin bai kai minti ɗaya ba, amma sai ka ce filin gado ta ƙwace mana.

Ni ne jami'in jarrabawar sashenmu, ni na jagoranci masu tayar da jijiyar wuya. Na same ta a ɗakin sanyin na ce, "Yaya, wato yanzu dukkanmu ɓarayi ne ke nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "A'a, Malam. So nake ranar da aka ce kai ne, in sami abin da zan nuna."

Na yi dariya na fita, na kuma bi ofis-ofis ina yaɗa sabon sunanta. Magatakarda da kansa ya nemi ta bar masa tsohuwar hanyar, shi kaɗai. Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ni da na'urar ke hannuna ma haka nake shiga." Wata uku ana mata kallon banza a ɗakin malamai, ko a jikinta. Ta bi mu tebur-tebur tana koya mana. Akwai malamin lissafin da ya manta kalmarsa sau bakwai a wata ɗaya. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, sai dai in ta gama saita masa ta ce ya gaida mata lissafin.

Shekara shida bayan haka abin ya biyo ta kaina. Makin ɗalibai huɗu ya canja a darasina, ɗaya daga cikinsu ɗan maƙwabcina ne, kowa kuma ya san ni na kawo shi makarantar. Aka zaunar da ni a ɗakin da aka zaunar da Baba Akawu, a kujerar da ya zauna. Ba korar ce ta fi tsorata ni ba, yadda zan kalli 'ya'yana ne, ni da kullum nake musu wa'azin gaskiya a kan tabarma. Na rantse, na ga a idon 'yan kwamitin rantsuwar ba ta shiga ba.

Sai ga ta da takarda ɗaya tak. Wanda ya ari ikon ofis ya canja makin wani ne daban, daga kwamfutar wani gini daban, ranar Talata ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, lokacin ina tsaye a kan ɗalibai ɗari biyu a zauren jarrabawa. Ba zan faɗi ko wane ne ba, shi ma yana da 'ya'ya. Minti goma aka yi aka sallame ni.

Na bi ta ɗakin sanyin, kunya kamar in nutse. Na fara kame-kamen godiya, ta katse ni.

Ta ce, "Malam, takardar nan da na kawo maka, ita ce wadda na kasa kawo wa Baba."

Yaya, ke ce kika ɗauki baƙin jinin makaranta guda don kada a sake shafa wa wani kashin kaji. Ke ce kika kare mutuncin mutumin da ya fi kowa yi da ke, ba ki kuma taɓa tuna masa ba. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba a gani ne, shi ya sa ba hotonki ko ɗaya a bangon zauren taro. Mai Makulli, yau da alfahari nake kiran sunan, ina kuma alfahari da na yi aiki a gini ɗaya da ke.

Makon jiya na yi abin da ya kamata in yi tun shekara tara da suka wuce, na je gaida Baba Akawu. Ashe ita duk wata tana zuwa. Ido ya yi rauni, amma ya gane muryata. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, har yanzu takardar nan tana ƙarƙashin kibod?" Na ce an cire ta tun bayan tafiyarsa. Sai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ban fita a banza ba."

Mun gode, Yaya. Allah ya sa ki huta lafiya, ya tsare naki sunan kamar yadda kika tsare namu. Ku kuma masu aiki a ofisoshi, gobe in kun zauna ku ɗaga kibod ku duba. In akwai takarda a wurin, to akwai wani Baba Akawu a cikinku da bai san ranarsa na tafe ba. Ku cire ta tun yana kan kujerarsa.